Rabin Awa

Shekara talatin da ɗaya ina jan mota,
Gombe zuwa Bauchi, Bauchi zuwa Gombe.
Na san ramin da ke jiran taya a bayan Bara,
na san bishiyar da ɗan sanda ke laɓewa.
Ko daga barci ka tashe ni, zan zana maka hanya.

Da yana ta rufe mini idon hagu
na miƙa makulli, na koma tabarma.
Sai ga Zakiyya, autata, da takarda a hannu:
"Baba, likitan ido a Bauchi ya ce goma na safe.
Wurin aikinmu sun yi shatar ƙaramin jirgi,
kujera guda ta ragu, na roƙa maka."
Na ce, 'yar nan, tsufa ne ya same ni, ba hauka ba.
Ta ci gaba da ninke mini riga tana dariya.

Lawanti. Sau dubu nawa na wuce ƙofar nan
ban taɓa kunna sigina na shiga ba.
Aka auna jakata, aka auna ni kamar buhun wake.
Jirgin da kaɗan ya ɗara bas ɗina,
ba kwandasta, ba mai ihun "saura mutum ɗaya."

Matuƙin yaro ne, gemu bai gama haɗuwa ba.
Na ce, nan da Durum nawa ne?
Ya ce, "Ta sama? Kilomita ɗari da 'yan kai.
Rabin awa, in iska ba ta yi gardama ba."
Na ɓara goro, na jefa ɓari a baki,
na ce a raina, yaro, Allah ya raba ka da ƙarya.

Sai ƙasa ta sake mu.

Na manna ido mai gani a jikin gilashi.
Titin da ya cinye mini ƙuruciya
ga shi can, zaren da ya faɗo daga keken tela.
Tirela ta koma ƙwaro, Alƙaleri tafin hannu.
Na nemi kwanar da Hammadu, yaron motata,
ya sauka sa wa taya dutse, tanka ta kwashe shi.
Ban gan ta ba. Daga sama babu kwana,
ko'ina shimfiɗe yake, kamar an kwana lafiya.

Gadar Dindima tsinken ashana ce a kan ruwa.
Nan nake rage gudu kullum in yi salati.
Yau kafin in buɗe baki ta zama labarin jiya.

Goron bai gama sakin ɗacinsa ba
taya ta taɓa ƙasa.
Minti ashirin da tara, in ji agogona.
Amma motar da za ta shigar da mu gari
ta shanya mu awa ɗaya da rabi a rana.
Na ce, yawwa, yanzu na yarda mun dawo duniya.

An kankare yanar. Ranar komawa
Zakiyya ta ce jirgin zai tashi bayan azahar.
Na ce, ki gaishe shi. Ni tasha na nufa.
Na zauna gaba, kusa da wani direba mai garaje,
ina taka burkin da babu shi a ƙasan ƙafata,
ina nuna masa ramuka tun kafin su iso.
Ya ce, "Baba, ka taɓa tuƙi ne?"
Na ce, kaɗan. Kai dai riƙe tsakiya.

A Alƙaleri na sa ya tsaya.
Inna Dudu mai masa tana bi na bashin ɗari uku
tun watan da na ajiye aiki.
Tandar na nan, wata yarinya ke juya masar.
Ta ce, "Ai kaka ta rasu da damina."
Na ƙirga kuɗin a tafinta, na ƙara da addu'a.
Direba na ta danna hon. Na bar shi ya danna.

Mun shiga Gombe ana kiran magariba.
Zakiyya ta riga ni da awa huɗu, har ta yi tuwo.
Ta ce, "To, Baba, wanne ya fi kusa?"
Na ce, naku.
Sannan na kwance ƙullin masa, ta riga ta huce,
na miƙa mata ɗaya.